Mussar da Aka Kai Bayan Ruwan Gizo

Ana dab da kiran magariba a Talata Mafara, Inna Nagode tana kwashe tuwo, dutse na farko ya faɗo kan kwanon ɗaki. Kau! Sai na biyu. Baba Abdulmumini ya leƙa waje, babu kowa a lungun. Can ƙarƙashin gado sai kukan mussa, siriri, mai tsawo.

Alhali kwana uku ke nan babu mussa a gidan.

Tabawa sunan kyanwar, kuma gaskiya ba ta ji. Ta kwana cikin fantekar gari, ta warware zaren saƙar Inna, ta ture fitila tana kallon mutum ido cikin ido. Shi ya sa duk abin da ya ɓace, Husaina, 'yar autar gidan, ba ta wahalar nemo mai laifi. Nono ya ragu, Tabawa. Ƙuli ya ragu, Tabawa. Da tukunyar soyayyen naman layya da aka ajiye wa Gwaggo ta Bakura ta koma rabi, Husaina ce ta nuna gashin mussa a bakin murfin. Inna ta bi Tabawa da muciya. Baba ya cusa ta a buhu, ya ɗaure a babur, ya zubar da ita bayan ƙauyen Ruwan Gizo.

A dutse na bakwai Husaina ta yanke jiki ta faɗi. Ta dunƙule kan tabarma tana lasar bayan hannunta, ba ta san kowa ba.

Washegari da la'asar aka zo da Malam Bappa daga Faru, tsoho ne mai fitar da aljanu. Gwaggo ta iso, maƙwabta sun cika tsakar gida. Malam ya zuba turare a garwashi, ya daɗe yana karatu. Hayaƙin ya tsaya cak, bai tashi ba. Sai bakin Husaina ya buɗe, muryar tsohuwa ta fito.

"Bar ƙona ni, Malam."

"Wace ce ke? Mi kike biɗa ga ɗiyar mutane?"

"Shekara arba'in ina bayan randar gidan ga. Ban taɓa shan ruwansu ba. Mussar nan kaɗai ke ganina, ita ke ɗumama mini ƙafa. Sun ɗauke ta, to ni ma na ɗauki tasu."

Inna ta ɗora hannu a ka. "Don Allah, Kaka, ki yi haƙuri. Ɓarna ta yi mana."

Muryar ta yi dariya, a hankali. "Nagode, mussa tana buɗe murfi ta ci nama, ta mayar da murfi ta rufe?"

Inna ta sauke hannunta daga ka.

"Za a maido miki ita," in ji Malam. "Ki hwaɗi wanda ya ci, ki fita."

"A maido ta, na yarda. Amma ni ba ni hwaɗi. Mai baki ya hwaɗi da bakinsa, ido biyu. In ba haka ba, gobe da magariba ina nan."

Husaina ta yi atishawa uku, ta buɗe ido. Kuma duk ta ji, babu abin da ya wuce ta. Ga Gwaggo, ga matan maƙwabta, ga Baba tsaye riƙe da hularsa. Ta so ƙasa ta tsage. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ni na ci," ta ce. "Da nonon. Gashin ma ni na tsinto na sa."

"Ɗaga murya, ɗiyata," in ji Malam. "Ta bayan randa kunnenta ya tsufa."

Ta sake faɗa, har na zaure suka ji. Inna ta juya ta fuskanci bango, ta kasa kallon Gwaggo.

Kwana biyu Baba yana kai Husaina gonakin Ruwan Gizo tana kiran "mus, mus", manoma suna tambaya me ya ɓace. A gindin wata tsamiya suka same ta, ta rame, kunne ɗaya a yage.

Jifa ya tsaya. Tabawa kuwa ba ta shiryu ba ko kaɗan. Sati bai cika ba ta haye kanta, ta turo kwanon man shanu ya kife. Tana nan zaune kusa da shi tana lasar ƙafa, amma da Inna ta shigo, ba ita ta kalla ba. Husaina ta kalla.