Wankan da Ba a Ƙarasa ba

Iya ce ke wanke gawar marasa kowa, waɗanda mutane ke toshe hanci su wuce. Ranar nan mai gadin wurin wankan gawa, Allah ya isa, ya kulle famfo tana tsakiyar wankan wata mahaukaciya. Haka ta naɗe ta, rabi a bushe.

Da dare a lungunsu ta ji ana bin ta da ɗan tsalle-tsalle. Ƙamshin sabulunta ya cika wurin.

"Wane ɗan iska ne? Ba ni da abin da za a sace."

"Iya, ɓarin hagu fa?" Muryar a shaƙe, kamar da auduga a hanci.

Iya ta haska ƙasa. Manyan yatsun ƙafar a ɗaure suke, da ƙullin da ita kaɗai ke yi.