Ɗigo Ɗari Biyu da Ɗaya

Ranar wata Talata da yamma, a shekarar 1991, Malam Silvanus ya dawo gidansa a Kafanchan da kwali ɗaure a bayan babur. Shi ne mai kula da ɗakin gwaje-gwaje na wata sakandare, mutum mai tsananin son lissafi, irin wanda ko gishirin miya sai ya tambayi cokali nawa aka sa. A kwalin akwai buret, dogon bututun gilashin nan mai ɗan famfo a gindi, da wata na'ura da ya harhaɗa da hannunsa: tsohuwar kalkuleta, ƙwan tocila, da ƙaramin ido mai jin haske. Duk ɗigon da ya gifta tsakanin ƙwan da idon, sai kalkuletar ta ƙara ɗaya. Zanen awo na buret ɗin makarantar ya goge, jarrabawa kuma ta ƙarato, shi ya sa ya ƙirƙiro ta.

To amma na'ura ba ta san girman ɗigo ba, sai an gwada ta. Ya kafa kayan a tsakar gida, ya cika buret da asid, ya saki famfo yana tarawa a kofin awo har mililita goma. Kalkuleta ta nuna ɗari biyu. Ya mayar da ruwan ya sake, har sau uku, ɗari biyu cif. Daɗi ya kama shi, ya ɗauki kofin ya watsa a gindin tsohon mangwaron bayan ɗaki. A lokacin rana ta riga ta faɗi.

Matarsa Hellen ta ɗago daga bakin murhu. "Baban Patricia, da magariba? Ko ruwan zafi ai ba a zubarwa yanzu sai an yi magana."

"Camfi ne," in ji shi. Wannan fa shi ne mutumin da kullum yake wa ɗalibai tsawa kada su zubar da asid sai sun kashe ƙarfinsa.

Ba a kwashe tuwo ba dutse ya sauka kan kwanon rufi. Na biyu ya sauka, na uku kuma ya faɗo gabansu, da Hellen ta taɓa shi sai ta ji zafi rau. Silvanus ya zaga bayan gida bai ga kowa ba. Da ya dawo ya tarar kalkuletar tana ƙirge ita kaɗai, alhali buret a bushe yake. 'Yarsu Patricia, mai shekara goma sha huɗu, tana zaune gabanta ido a kafe, tana bin lambobin da wata murya mai kauri wadda ba tata ba. Da aka kai ɗari biyu ta ƙwalla ƙara, ta dafe baya ta faɗi.

Haka aka yi kwana shida. Da rana tana kwance ba ci ba sha, bayanta kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Da magariba duwatsu su sauko, ƙirge ya fara. Likita bai ga komai ba. Fasto ya zo da dattawan ikilisiya suka yi addu'a, ta yi barci awa biyu, washegari abin ya dawo. Silvanus ya cire batir, kalkuleta ta ci gaba. Tsoro ya kama shi sosai, don yana ganin yarinyar tana ƙarewa a gabansa.

Mairama, mai kawo musu nono, ita ta ce a kira mahaifinta Modibbo Jibir, malamin Fulani, daga ruga. Tun rikicin addinin shekarar tamanin da bakwai Silvanus bai taka rugar ba. Ya sunkuyar da kai ya ce a kira shi.

Tsohon ya iso da la'asar sakaliya, ya zauna kan buzunsa, yana jan carbi har rana ta yi ja. Da dutsen farko ya faɗo, ya dafa kan yarinyar ya soma karatu a hankali. Jikinta ya sandare.

"Wa ke nan?" in ji Modibbo.

Muryar ta ce, "Mai gindin mangwaro. Kafin a aza tubalin gidan nan ina nan. Ɗana yana kwance aka zuba masa wuta a baya, ko gafara ba a ce ba. 'Yar wanda ya zuba ma ta ɗanɗana."

"Ba yarinya ce ta zuba ba. Me zai raba?"

"Wanda ya kunna ya kashe. Ɗigo bisa ɗigo, kafin jan nan ya bar sama. In ya rage, zafin na nan. In ya zarce, ya sake ƙona shi, ni kuma in tafi da ita."

Modibbo ya dubi Silvanus. "Malam, ni nawa ya tsaya nan. Wannan wutar kai ka san ta."

Ya kuwa san ta. Ya kwashe ƙasar wurin a kwano, ya zuba ruwa ya tace, ya ɗiga zoɓo, ruwan ya yi ja jawur. In asid ya mutu, jan zai juya. Ya cika buret da ruwan soda, makashin asid, mai ƙarfi daidai da na asid ɗin. Hellen ta ce ya yi sauri, amma ya tsaya ya mayar da batir ya gwada na'urar tukuna, don kowane ruwa da girman ɗigonsa. Mililita goma, ɗari biyu. Sai ya tura kwanon ƙarƙashi ya murɗa famfo.

Ɗigo na sauka, yana juya kwanon, Patricia na ƙirgawa. Ɗari da hamsin. Ɗari da casa'in. Sama ta soma duhu. A ɗari biyu ya rufe famfo.

Ruwan yana nan ja. Yarinyar ta daina ƙirge, numfashinta ya koma sama sama. Lissafi ya ce ya isa, ido ya ce bai isa ba, kuma ɗigo ɗaya in ya wuce ba ya dawowa. Hannunsa na kan famfo. Ya sunkuya kan kwanon ya ce, ba wa Modibbo ba, ba wa matarsa ba, "Gafara dai. Ni na yi, ku yafe mini."

Ɗigon hawaye ya sauko daga fuskarsa, ya gifta gaban ƙwan ya faɗa kwanon. Kalkuleta ta nuna ɗari biyu da ɗaya. Jan ya dusashe a hankali.

"Shi nake jira," in ji muryar.

Patricia ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido ta ce, "Mama, ƙishirwa."

Washegari Silvanus ya mayar da na'urar makaranta, aka yi jarrabawa da ita lafiya. Amma har ya yi ritaya, in zai zubar da ko ruwan wanke hannu ne, sai ɗalibai su ji ya ce gafara, su yi ta dariya a ɓoye. Bai taɓa yi musu bayani ba.