Awon Baba

Baba na gyangyaɗi a kujerarsa ta falo, Auta ta lallaɓo da tef ɗin awo. Ta gwada daga ƙugunsa zuwa diddige. Tana cikin gwada kafaɗa sai ga Gwaggo, yayar Baba, a bakin ƙofa.

"Ke! Ana auna mutum da ransa? Likkafani za ki yanka masa?"

Baba ya farka ya ga tef a ƙirjinsa. "Wa ya sa ki?"

"Shi ne ya ce in kai masa awonka."

Shi ɗin saurayinta ne, mai zana bahon wanka a wani kamfani. Duk gidan, Mai-baho suke ce masa.

"Baba, safirayis ne fa, kyautar bazata. Baho zai..."

"Baho da awon mutum?" Gwaggo ta tafa hannu. "Na wankan gawa ke nan. Tun ba a ɗaura ba ya fara hangen gado."

Baba ya nuna ƙofa. "Kada ƙafarsa ta sake taka gidan nan. Maganar aure kuma na janye."

Auta ta sha kuka har idonta ya kumbura. Ita kaɗai ta san gwiwar Baba ta daina yarda da tsuguno. Banɗakinsa kuwa, in ka buɗe hannu ka taɓa bango biyu. Kullum tana jin nishinsa in ya shiga wanka, amma namiji, wai kada a ce ya tsufa. Da ta faɗa a gaban Gwaggo ai ta tona masa asiri, sai ta haɗiye.

Ta kira saurayin. "Ka bar dizain ɗin nan, ya ja mana."

"Ni ya hana shiga, Auta. Bai hana baho ba."

Bai tako ba, ita ma ba ta ɗaga wa uba murya ba. Ana nan rannan sai ga masu gyaran famfo ɗauke da abu fari sol, gajere, mai zurfi. Ga ƙaramar ƙofa a gefe, ba sai an ɗaga ƙafa ba. Ga wurin zama a ciki, ga majingina, ga mariƙi. Aka dire shi a tsakar falo, gida ya ɗauki hayaniya.

"Ku fitar mana da shi," in ji Gwaggo.

Baba ya zagaya shi, ya shafa wurin zaman. "Yaya, gawa a kwance ake wanke ta. Wannan na zama ne."

Da rigarsa da hularsa ya shige. Baya ya samu majingina, tafin ƙafa ya dafa ƙarshen bahon daidai, hannu ya sauka kan mariƙi kamar sun yi alkawari. Ya lumshe ido.

"Zai shiga banɗakin?"

"Har da wurin ajiye bokiti, Baba," in ji Auta.

Ya kalli 'yarsa, ya gane wadda take jin nishinsa. "Ina yaron?"

"Yana bakin titi. Ka hana shi shigowa."

"Ce masa ya shigo. Ya kuma turo manyansa."

Auta ta ruga da takalmi wari guda. Gwaggo ta yi gyaran murya ta miƙe ƙafa. "In kin dawo ki taho da tef ɗin. Ni ma gwiwar nan ba daɗi."

To 'yan mata, kun ji. In babba ya yi muku mummunar fahimta, ku riƙe baki, aiki zai yi magana. Mu ma tsofaffi mu rage saurin zargi, ba duk mai auna ka ne ke haƙa maka rami ba.