Saƙon MAGAJI

Tabaraunta ne ya karye a bakin aiki, ta shigo shagonsa na gyaran tabarau da farar rigar jinya tana laluben kujera. Ya ɗaure 'yar ƙusar da ta kwance, ya goge gilashin, ya miƙa mata. Tana sakawa ta ce, "Au, ashe haka kake?"

Tun daga ranar take kiransa Idona, shi kuma yana kiranta Sanyina.

Sai dai babanta ya fi son wani mai kantin magani, ɗan gidan Magaji, mai mota da ƙamshin turare. Shi kuwa mai tabarau Allah ya zuba masa kishi, ko sunan ya ji sai abinci ya fita ransa.

Wata Laraba ta bar wayarta kan teburinsa ta leƙa sayen ruwa. Wayar ta yi haske, idonsa ya faɗa kai:

"MAGAJI na jiranki ran Asabar ƙarfe huɗu, zauren bayan asibiti. Ki zo da shirin ɗaukar alkawari."

Gumi ya keto masa. Sai da ta tafi ya rubuta mata: "Allah ya ba ku zaman lafiya, ke da Magajinki."

Ta amsa: "Amin Idona! Shekara uku ina jiran wannan rana. Za ka zo?"

Kwana uku bai ɗaga kiranta ba. Ran Asabar zama ya gagare shi. Ya rufe shago, ya isa zauren, ya banko ƙofa.

"Ina yake?"

Ma'aikatan asibiti sun fi hamsin, duk suka juyo. A bango ga ƙyalle an rubuta MAGAJI, a ƙasa kuma: Ma'aikatan Gaggawa da Jinya. Tana tsaye hannu a sama, ana rantsar da ita sakatariyar ƙungiya. A layin gaba ga babanta zaune. Mutumin naku ya so ƙasa ta tsage ya shige.

A waje ta same shi, idonta taf da hawaye.

"Kai da kake gyara wa mutane gani, ba ka ga manyan baƙaƙe ba?"

"Na gani, Sanyina. Tsoron rasa ki ne ya rufe mini ido."

"Ka tambaye ni mana! Kwana uku ina kiranka. In ba za ka iya tambayata ba, kada ka aure ni."

Ta juya ta koma ciki. Yana nan tsaye kamar an dasa shi babanta ya fito, ya ƙare masa kallo.

"Wancan mai kantin maganin na gayyace shi, ya ce yana da ciniki. Kai kuwa ka zo, ko da da hauka ne. In ta huce, ka turo manyanka."

Sai da ta gasa shi mako biyu kafin ta amsa sallamarsa. Bayan wata uku aka ɗaura aure, babanta ya sa musu albarka.

Da gida ya watse, ango ya zauna nesa kaɗan yana murza hula.

"Sanyina, ina da tambaya."

"Yi, Idona."

"Kin yafe mini har cikin zuciya?"

Ta yi murmushi ta matso kusa.

"Tun a bakin zauren. Jira nake ka tambaya."