Ƙarin da Ke Wuyan Zakari

Na'urar Mahaska ta sauko da hannunta na ƙarfe a hankali, ta tsaya daidai wuyan Zakari. Wata siririyar allura ta tsinko ɗan nama daga ƙarin da ya tsiro masa a ƙarƙashin kunne, na'urar ta fara karatu. A bayan gilashi, yayarsa Dakta Hansatu ta ƙura wa allo ido.

Ita ta ƙera Mahaska, kuma saboda shi ta ƙera ta. Zakari zabiya ne, a birnin Sabuwar Rima inda rana ta yi zafin da sai da aka yi wa tituna rumfa. Ciwon dajin fata ya kama shi tun yana saurayi. Aikin na'urar shi ne ta karanta sauyin da ya faru a ƙwayoyin halittar ƙarin, sannan ta auna irin hasken da zai ƙone wannan sauyin kaɗai, ba tare da ta taɓa lafiyayyen nama ba. A karon farko ƙarin ya narke, har aka yi walima a gida. Da ƙarin ya dawo, ta sake ƙone shi. Ya sake dawowa, ya fi na da tauri.

Rubutu ya bayyana a allon: babu hasken da ya dace da wannan sauyi.

Hansatu ta sa aka maimaita gwajin, amsar ba ta canza ba. Ta jera hotunan ƙarin tun daga na farko, sai ta gane abin da ke faruwa. Duk lokacin da Mahaska ta haska, raunanan ƙwayoyi take kashewa, masu taurin kai kuma su samu fili su hayayyafa. Wanda ke wuyansa yanzu, na'urarta ce ta raine shi.

Ta shiga ɗakin, ta kwance masa maɗaurin kai.

"Yaya, fuskarki ta riga ta faɗa mini," in ji shi.

"Zan sake saita ta. Ka ba ni lokaci."

"Ya riga ya shiga huhu, ni na sani, ina jin sa in na yi numfashi." Ya riƙe hannunta. "Kin yi iya yinki. Ki bar ni in koma gida, in zauna da 'ya'yana."

Ta ɗora masa faffaɗar hularsa, ta raka shi bakin ƙofa.

A zauren jira mutane sun cika kujeru, kusan dukkansu an taɓa haska su. Wata dattijuwa ta taso da murmushi tana nuna kuncinta.

"Likita, duba, ya kusa ɓacewa! Allah ya saka miki da alheri. Yau ma za a haska ni?"

Hansatu ta dubi ɗan tabon da ya rage. Idan ta hana, ƙarin zai sake girma ya cinye matar kafin damina. Idan ta haska, ta san abin da zai dawo.

"Shigo, Inna," ta ce. "Kwanta a nan."