Ƙararrawar 'Yan Rakiya

Ku yi haƙuri da ni. Ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na iya, shi ma a lungun ɗaki. In na yi kuskure ku ɗauka ƙuruciya ce.

Da hantsi Tela ya shigo caji ofis, tef ɗin awo rataye a wuyansa.

"Yallaɓai, an sace mana ƙararrawa."

Sufeto ya ɗago kai. "Ƙararrawa? Ba keken ɗinki ba?"

"Da keken aka ɗauka, da ya fi mini sauƙi."

Kowa ya san 'yan rakiya. Talakawa ne, da mai aski, da mai wanki, da direbobi. Sun gaji da cin hancin ofishin filaye, sai suka ajiye benci a ƙofarsa. Dokarsu ɗaya ce: ba mai shiga ofishin shi kaɗai, sai an raka shi. Idan ma'aikaci ya nemi na goro, sai a fito a kaɗa ƙararrawa har titi ya cika. A shagon Tela take kwana. Tun da ta ɓace kowa ke kallon ɗan'uwansa a kaikaice, bencin ya fara yin fili.

Sufeto ya je shagon. Ya juya kwaɗo a hannunsa, lafiya ƙalau.

"Jiya da rana na je sayen zare," in ji Tela. "Na dawo na tarar da shi a kulle yadda na bar shi."

"Ɓarawo mai ladabi. Makulli fa?"

"Ƙarƙashin tubalin can. Namu ne kawai suka sani." Sai ya yi sauri ya ƙara da cewa, "Amma ba namu ba ne. 'Yan ofis ne, yallaɓai. A rubuta, a hukunta ko wane ne!"

Mai aski yana maƙwabtaka da shagon. Sufeto ya same shi yana wasa aska.

"Masinjan ofis na gani, wallahi. Ya rungume ta yana gudu."

"Yana gudu da ƙararrawa, ba ta yi ƙara ba?"

"To… ƙila bebiya ce."

"Masinjan yana asibiti da karaya tun makon jiya. Kai kake aske mutane, kar ka aske ni ba ruwa."

Mai aski ya sunkuyar da kai. "Ban ga kowa ba. Ban ji komai ba. So nake ya zama su ne."

Sufeto ya koma wurin Tela. "Yaya kuke ɗaukar ta ba ta tara jama'a a hanya?"

"Muna naɗe harshenta da tsumma. Ga shi can a ƙusa." Ya juya. Ƙusar ba komai.

Mai gadin ofishin filaye ya fara da cewa bai san komai ba. Da Sufeto ya zauna a kujerarsa ya ƙi tashi, bakinsa ya buɗe.

"Tsohuwar nan mai wanki ta shiga da kwanon wanki a ka. Wai kayan Mai Hatimi ta kawo, shi mai sa wa takardun fili hannu."

"Wa ya raka ta?"

"Abin da ya ba ni mamaki ke nan. Ita da ke hana mutane shiga su kaɗai, jiya ita kaɗai ta shiga, ta ƙofar baya."

Gwaggo mai wanki ƙanwar mahaifin Tela ce, ita ta fara zama a kan bencin nan. Sufeto da Tela sun same ta a tsakar gida, hannu cikin kumfa, jikokinta na wasa a gindin igiyar shanya.

"Gwaggo, jiya ina kika je?" in ji Sufeto.

"Kasuwa, ɗana."

"Mai Hatimi kina yi masa wanki?"

"Allah ya sauwaƙe."

"To me ke cikin kwanon?"

Ta daɗe tana matse riga ɗaya wadda ba sauran ruwa a cikinta.

"Takardar gidan nan ce," ta ce. "Tun rasuwar mai gidana take kan teburin Mai Hatimi. An ce in ba ta fito ba, ƙarshen wata mu tashi. Ina zan kai marayun nan? Ya ce ba ya son sisina. In kawo masa ƙararrawa, ya buga hatimi."

"Gwaggo!" in ji Tela. "Da kin faɗa mana, da mun raka ki."

"Kun raka ni, ɗan nan. Sau nawa? Kun hana shi karɓa, amma ba ku iya sa shi ya buga ba."

"Ya buga yanzu?" Sufeto ya tambaya.

"Ya ce in dawo mako mai zuwa."

Mai Hatimi ya karɓi Sufeto da murmushi, ya ce bai taɓa ganin matar ba. Sufeto ya nemi izinin bincika ofishin, shugabansa na caji ofis ya hana. Tela ya roƙa a janye ƙara, shugaban ya ce an shiga shago an yi sata, dole a je kotu, kuma a kira 'yan jarida su ga yadda masu wa'azin gaskiya ke satar juna.

"Na kama wadda na iya kamawa," Sufeto ya ce wa Tela, bai kalle shi ba.

Da yamma aka fito da Gwaggo daga gidanta. Sufeto bai sa mata ankwa ba, shi ya riƙe mata ƙofar mota. Ta tsaya ta dubi 'yan rakiyan da suka taru.

"Gobe ku je ƙofar ofishin nan. Ko murfin tukunya ne ku buga. Ni ce na kasa, ba ku ba."

Wani direba ya ce gobe yana da lodi. Mai aski ya ce zai zo, amma a hankali ya faɗa, kamar mai tsoron a ji. Tela ya ɗauki ƙaramin jikan ya saɓa a kafaɗa, yaron na tambayarsa yaushe Gwaggo za ta dawo ta kwashe shanya.

Ni ina bayan taron, aikena aka yi. Na so in ce zan kawo murfin tukunyarmu, amma na fasa. Kafin wani ya waiwayo, na bi jikin bango na sulale.