Gyaran Wake

Ranar kasuwar Filinge Latifa ta tsaya gaban buhunan Na'Allah, ta ɗauki ƙwayar wake ta ciza, ta ce, "Ya bushe. Auna mani tiya guda."

Na'Allah ya auna, ya ƙara gyara cikin tafi biyu. Mutumin da aka sani da gyaran yatsa uku! 'Yan layin hatsi suka dubi juna. Kafin la'asar kasuwa duk ta san yana son yarinyar, shi ne ma bai gama sani ba.

Mako bayan mako gyara na girma, har ya kusa kamo tiyar. Saƙonni suka fara yawo a salula.

"Tauraruwata, waken ya yi daɗi?"

"Ban ci ba tukuna, Sarkin Gyara."

Da manya suka je neman aure, mahaifinta Malam Baƙo ya ƙi. "Ban ce ba shi da hali ba," in ji shi. "Amma wanda murmushi ke sa shi zubar da rabin buhu, da mi zai ciyar da ɗiyata? Da murmushin?"

Damina ta sauka. Sai aka tsegunta wa Na'Allah cewa Kamal, malamin gona mai babur ɗin proje, wato shirin tallafa wa manoma, yana zuwa wurin Latifa kowace Laraba. Ranar kasuwa Na'Allah ya auna mata tiya, ya share bakin tiyar da hannu, ko ƙwaya bai ƙara ba. A layin hatsi wannan ya fi saki uku zafi.

Tana isa gida ta rubuta masa: "Tiyar yau ta yi aski. Lafiya?"

"Ki tambayi mai babur."

"Mai babur tsutsar gona yake dubawa. Ka zo bayan kaka, kai da fushinka."

Bayan kaka ya zo, da fushin nasa. Ya tarar da Malam Baƙo a ƙofar gida da buhu huɗu na wake jere gabansa.

"Baba," in ji Latifa daga bakin zaure, "wannan shi ne gyaran da kake cewa ɓarna. Tiyar muka ci. Gyaran na adana cikin toka, na shuka a 'yar gonar da ka yankar mani."

Tsohon ya kwance buhu, ya ciji ƙwaya, ya daɗe yana tauna.

"To," ya ce. "Shi wawa ne, ke kuwa ba ki zubar da komi. Gidan zai tsaya. Ku turo manyanku."

Na'Allah ya sunkuyar da kai. Bai taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

An ɗaura aure ranar Juma'a, aka ci shinkafa da wake har aka gaji. Malam Baƙo ya sa masu albarka, ya roƙa masu zuri'a da damina mai kyau, sannan ya ja angon gefe.

"Daga yau ita za ta riƙa awo."